Sufeton Da Bai Kama Kowa Ba

Wata ranar Asabar da daddare muka zauna da wani abokina muna kallon wani tsohon wasan kwaikwayon Ingila da aka ɗauka a dandamali aka sa a intanet. Mutumin nan mayen labaran binciken kisan kai ne. Tun ba a kai rabi ba yakan nuna wani da yatsa ya ce, "Wancan ne, rubuta ka ajiye." Sau da yawa kuma yana dacewa. A daren nan sau uku yana sauya wanda yake zargi.

Da aka sauke labule sai ya ture kujera baya ya ce, "Haba Malam, wannan ai yaudara ce. An kusa awa biyu ana tambayoyi, ba wanda aka sa wa ankwa. Shi kansa sufeton ma ba a san daga ina ya faɗo ba. An ci mana lokaci kawai."

Maganar ta tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Ni kuwa a ganina abin da ya kira yaudara shi ne gwanintar wasan. Marubucin ya ari rigar labarin ɗan sanda ne da gangan, don ya san da ita za mu saki jiki mu zauna muna neman mai laifi. Sai da muka zauna daram sannan ya sauya tambayar. Mun shigo neman mai laifi, aka sallame mu da lissafin alhaki. Laifi kuwa daban, alhaki daban. Na farkon aikin kotu ne. Na biyun shi ne aka ce kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Sunan wasan An Inspector Calls, wato wani sufeto ya kawo ziyara. J. B. Priestley ne ya rubuta shi, mutumin Bradford, wanda aka haifa a 1894. An fara nuna shi a Tarayyar Sobiyet a 1945, ya iso Landan a 1946. Amma labarin a wani daren watan Afrilun 1912 yake faruwa, a wani garin masana'antu da marubucin ya ƙaga ya sa wa suna Brumley. Ɗaki ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ɗakin cin abincin attajiri Arthur Birling, ana walimar baikon 'yarsa Sheila da Gerald Croft, ɗan gidan wasu masu masana'antar da suka fi su asali. Ana cikin raha aka buga ƙararrawar ƙofa. Wani Sufeto Goole ya shigo ya ce wata budurwa mai suna Eva Smith ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ta mutu a asibiti ɗazun nan, kuma yana da 'yan tambayoyi.

Abin da muka saba samu a labarin bincike

Duk mai bin irin waɗannan labarai ya san tsarin. Akwai gawa. Akwai mutane ƙalilan a gida ɗaya, kowa da abin da yake ɓoyewa. Baƙo mai kaifin ƙwaƙwalwa ya shigo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya tara su a falo ya nuna mutum guda. A Ingila tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu wannan salo ya yi tashe ƙwarai, lokacin su Agatha Christie, har wani Ronald Knox ya zauna a 1929 ya tsara dokoki goma na yadda marubuci zai yi wa mai karatu adalci.

Amma mene ne daɗin da muke ji a ƙarshe? Mukan ce kama mai laifi. Ni ina ganin akwai wani daɗin a ƙarƙashinsa wanda ba mu cika faɗa ba: da zarar an nuna mutum ɗaya, an wanke sauran tara. Likitan da ya yi ƙarya, matar da ta ɓoye wasiƙa, yaron da ya ci bashi, duk sai su yi ajiyar zuciya su koma harkokinsu. Mu ma 'yan kallo mu tashi da zuciya wasai, mugunta tana da suna da fuska, an kuma tafi da ita a mota.

Priestley ya ɗauko kayan nan kaf bai bar ko ɗaya ba. Har hoto ya sa wa sufeton a aljihu, da littafin sirrin mamaciyar. A bayanin dandamali ya rubuta cewa hasken ɗakin ya kasance mai taushi, ja-ja, har sai sufeton ya shigo, daga nan a ƙara shi ya yi tsanani. Abu ɗaya kawai ya cire, wato wankewar nan ta ƙarshe.

Ga yadda aka bi da yarinyar. A 1910 tana aiki a masana'antar Birling a kan sule 22 da sisi a mako. Suka nemi a mayar sule 25, suka yi yajin aiki, bai yi nasara ba, aka kore ta don tana cikin na gaba-gaba. Ta samu aiki a wani babban kantin tufafi, Sheila ta sa aka sallame ta. Ta sauya suna zuwa Daisy Renton, Gerald ya tsince ta a mashaya ya ajiye ta dadiro wata shida, da ya ga dama ya sallame ta. Eric, ɗan gidan, ya bi ta ɗakinta a buge ya tilasta mata, ta samu ciki, ya riƙa ba ta kuɗin da ya sata a ofishin ubansa, fam 50. Da ta gane na sata ne ta daina karɓa. Ƙofar ƙarshe da ta ƙwanƙwasa ita ce ta ƙungiyar agajin mata, inda uwargida Birling take da faɗa a ji. Aka hana ta.

"To ai ba su karya doka ba"

Wannan ce hujjar farko da abokina ya kawo, kuma tana da ƙarfi. Mai masana'anta yana da ikon korar ma'aikaci. Mai sayayya tana da ikon kai ƙara wurin manaja. Namiji ya rabu da farkarsa, wace kotu ce za ta saurara? Kwamitin agaji kuma ba dole ba ne ya ba duk wanda ya zo. In ka cire Eric, wanda ya yi sata ya kuma yi abin da yau kowa zai kira fyaɗe, sauran huɗun babu takardar tuhumar da za a rubuta musu.

Abin ma ya wuce nan. A Ingilar 1912 kashe kai laifi ne a doka, sai a 1961 aka soke wannan. Ke nan in da sufeton littafin doka ya zo bi, sunan da zai fara rubutawa a matsayin mai laifi na yarinyar ne.

To shi ya sa aka turo ɗan sanda. Da malamin coci aka turo, da Birling ya ba shi kujera ya saurare shi da kunne ɗaya, ya sallame shi da 'yar gudummawa. Ɗan sanda ne kawai zai shigo gidan attajiri ya ce zauna, a zauna. Birling ya gwada duk dabarun manya. Ya tuna wa sufeton cewa ya taɓa zama magajin gari, har yanzu yana zaman alƙalin majistare, kuma shi da shugaban 'yan sandan yankin tare suke buga ƙwallon golf. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Sufeton bai ko ɗaga gira ba. Ya yi amfani da kwarjinin doka ya tilasta musu amsa tambayoyin da doka ba ta yi.

Wurin Sheila ya fi taɓa ni, wataƙila don nata ne ya fi ƙanƙanta. Ta je kanti ranta a ɓace. Ta nace sai ta gwada wata riga da uwarta da mai kula da ita suka ce ba za ta karɓe ta ba. Ba ta kuwa karɓe ta ba. Ita kuma yarinyar kantin da ta ɗan kara rigar a jikinta, sai ga shi ta yi mata cif. Sheila ta hango ta a madubi tana murmushi. Shi ke nan. Ta je wurin manaja ta ce ko a kori yarinyar ko gidansu su daina sayayya a nan. Minti nawa abin ya ɗauka? Ƙila goma. 

Ni ma na taɓa yin irinsa. Wani yaro ya kawo mini saƙo a makare ranar da na tashi da faɗa, na buɗe waya na danna masa tauraro ɗaya, na ƙara da kalmomi biyu masu zafi. Ban karya dokar kowa ba. Ban kuma san abin da kamfanin ya yi da shi ba, ban ma tambaya ba. Da Sheila take ba da labarin madubin nan tana kuka, fuskar yaron ce ta faɗo mini, yana tsaye a ƙofa yana ba ni haƙuri yana haki.

"In kowa na da laifi, ai ba mai laifi"

Wannan ma ana faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. Mun sha ganin yadda "dukkanmu muna da laifi" ke zama bargon da mai babban laifi ke shigewa. Gini ya rufta, a ce laifin al'umma ne, wanda ya sa hannu a takardar ya tafi gida ya yi barci.

Sai dai wasan bai yi haka ba, kuma salon binciken ne ya hana shi. Mai wa'azi yana iya cewa "jama'a mun lalace" ya wuce. Mai bincike dole ya faɗi rana da wuri da wanda ya yi. Ƙarshen Satumbar 1910, kai ka kore ta. Janairun 1911, ke kika sa aka sallame ta. Mako biyu da suka wuce, ke kika juya kan kwamiti. Sufeton ya ce shi ƙa'idarsa mutum ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kafin ya fita sai da ya sake bin su da suna, kowa da kasonsa. Ba a dama laifin an raba daidai ba. An ɗaura wa kowa nasa ƙunshin a ka.

Dubi tarkon da aka ɗana wa uwargida Birling a ƙarshen kashi na biyu. Ta tsaya kai da fata cewa ita ba ta yi komai ba, yarinyar ce ta yi rashin kunya da ta zo kwamiti tana kiran kanta da sunan gidan Birling. Sufeton ya ce to laifin wa? Ta ce na wanda ya yi mata cikin. A nemo shi, a sa shi ya amsa a bainar jama'a, kada a sassauta masa. Sheila tana roƙonta ta yi shiru, don ita ta riga ta gano. Mu ma 'yan kallo mun gano. Uwar tana ta gina rami tana ƙara zurfi. Sai ƙofa ta buɗe, ɗanta Eric ya shigo, aka sauke labule.

A nan abokina ya tafa. Ya ce wannan shi ne aiki. Lallai kuwa, dabarar labarin bincike ce tsantsa, wadda tun zamanin Girkawa ake yin ta, mai neman mai laifi ya yanke hukunci da bakinsa reshe ya juye da mujiya. Amma lura da abin da matar take yi a wurin. Abin da mu 'yan kallo muka zo yi take yi: neman mutum guda da za a ɗora wa komai don sauran su huta. Laifi tudu ne, ta taka nata tana hango na wani.

Inda na yarda da masu suka

Ba zan ce wasan ba shi da aibu ba. An yi wa Birling rashin adalci. Tun kafin sufeton ya shigo aka sa shi ya miƙe yana jawabi cewa ba za a yi yaƙi ba, Jamusawa ba sa son yaƙi, kuma ga sabon jirgin ruwan nan Titanic da zai tashi mako mai zuwa, wanda ba abin da zai nutsar da shi. Jirgin ya nutse ranar 15 ga Afrilun 1912, yaƙi ya ɓarke a 1914. Mutanen da suka zauna kallo a 1946 sun ga yaƙin duniya biyu da idonsu. Ke nan an mayar da mutumin wawa tun bai buɗe baki a kan batun albashi ba. Da an bar shi da wayonsa, mai hujja, mai fara'a, irin attajirin da za ka so zama da shi, da wasan ya fi cizo. Masu korar ma'aikaci a kan sule biyu da sisi ba duka ne wawaye ba.

Wa'azi ma akwai shi, ba a ɓoye ba. Priestley ɗan gurguzu ne, ya yi yaƙin farko ya ji rauni, a 1940 kuma muryarsa ce mutanen Birtaniya ke saurare a rediyon BBC daren Lahadi bayan labarai. Ya rubuta wasan a daidai lokacin da ƙasar ke muhawarar irin zaman da za a yi bayan yaƙi: rahoton Beveridge kan yadda gwamnati za ta tallafa wa jama'a ya fito a 1942, jam'iyyar Leba ta lashe zaɓen 1945, aka buɗe tsarin kiwon lafiya na kyauta a 1948. Jawabin sufeton na ƙarshe, inda yake cewa akwai miliyoyin irin Eva kuma in mutane suka ƙi koyo za a koya musu da wuta da jini, kamfe ne ƙarara. Ni a wurina nan ne wasan ya fi rauni, don ya daina tambaya ya koma faɗa.

Ita kuma Eva ba ta taɓa hawa dandamalin ba. Ba mu ji muryarta ba ko sau ɗaya. Duk abin da muka sani daga bakin waɗanda suka cuce ta ne, kuma an yi ta tsarkakakkiya har ta wuce misali: kyakkyawa, mai ƙwazo, mai ƙin kuɗin sata. Da a ce mai tsiwa ce, mummuna, mai 'yar ƙarya, shin alhakinta ya ragu? Wasan bai yi ƙarfin halin gwada wannan ba. Na so a ce ya gwada.

Bayan fitar sufeto

Yanzu ga wurin da abokina ya kira yaudara. Sufeton ya fita, saura kusan rabin kashi na uku. Gerald, wanda ya fita shan iska, ya dawo da labari: ya haɗu da wani sajan a hanya, ya ce babu wani Sufeto Goole a rundunarsu. Birling ya buga wa shugaban 'yan sanda waya, aka tabbatar. Daga nan Gerald ya shiga warware zaren. Wa ya ce hoto ɗaya aka nuna muku? Ai kowa shi kaɗai aka nuna wa. Shi Gerald ma ba a nuna masa ba, suna kawai ya ji ya rikice. Wa ya ce yarinya ɗaya ce? Ƙila biyar ne. Wa ma ya ce an mutu? Ya ɗauki waya ya kira asibiti. Suka ce sun yi watanni ba a kawo musu wanda ya kashe kansa ba.

Ka ga abin mamaki? A duk wasan nan, mutum ɗaya ne ya yi aikin bincike na gaskiya, irin na auna hujja da gwada shaida da buga waya a tabbatar. Gerald ne. Sufeton bai binciko komai ba, da saninsa ya shigo, bakinsu kawai ya zo buɗewa. Kaifin ƙwaƙwalwar da muke sha'awa a labaran bincike sai a ƙarshe ya bayyana, kuma aikin da ya yi shi ne nema wa masu alhaki mafita.

Kuma hujjar Gerald daidai ce. Ba inda ya yi kuskure. Abin da ya tsallake guda ne: ko yarinya ɗaya ce ko biyar, ko ta mutu ko tana raye, Birling ya kori wata, Sheila ta sa an sallami wata, shi ya ajiye wata ya yar, Eric ya yi wa wata ciki, uwar ta kori wata mai ciki daga ƙofar agaji. Da bakinsu suka faɗa. In ma biyar ne, to abin ya ƙara muni, an cuci mutum biyar ke nan.

Nan gidan ya rabu biyu. Birling ya zuba giya yana dariya yana kwaikwayon muryar sufeton. Mutumin da ɗazu yake cewa zai ba da dubban fam in za a dawo da ita, yanzu murnarsa ita ce ba za a yi abin kunya a jarida ba, lambar girman da yake sa rai daga fada tana nan. Uwargida ta koma kan kujerarta tana yabon kanta cewa ita kaɗai ce ba ta ba da kai ba. Gerald ya ciro zoben baikon da Sheila ta mayar masa, ya miƙa mata, wai komai ya wuce. Ta ce tukuna. Ita da Eric ne kawai suka kasa komawa yadda suke, suna kallon iyayensu kamar yau suka fara ganinsu.

Da sufeton na gaske ne, da ba za mu taɓa ganin wannan ba. Kowa zai yi nadama, don ga hukuma a tsaye, kuma ba za mu iya bambance mai jin zafin abin da ya yi da mai jin tsoron tonon silili ba. Sai da aka janye ɗan sandan, aka janye gawar, aka ce ba wanda zai sani, sannan aka ga wanda abin ya shiga jikinsa. Masu nazari sun daɗe suna ja-in-ja a kan ko Goole fatalwa ne, don sunansa ya yi kama da kalmar Ingilishi ta aljanin maƙabarta, ko kuwa muryar zuciya ce. Ni wannan bai dame ni ba. Ko wane ne shi, fitarsa ta fi shigowarsa aiki.

Sai wayar ta yi ƙara. Birling ya ɗauka, dariyar ta bushe a fuskarsa. 'Yan sanda ne. Wata yarinya ta mutu yanzun nan a hanyar asibiti bayan ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma wani sufeto yana tafe da 'yan tambayoyi. Labule.

Washegari abokina ya turo mini saƙo. Ya ce har yanzu bai janye ba, an saɓa ƙa'ida, amma in dole sai ya zaɓa to uwar ce, don ita ce ƙofar ƙarshe kuma ita kaɗai ta ga cikin da idonta. Na ce ni Gerald nake riƙe da shi. Ya ce haba, ai Gerald ne kawai ya taɓa nuna wa yarinyar tausayi, kuma shi ne mai kan gado a cikinsu. Na tambaye shi wane wuri ya fi jin daɗi a duk wasan. Ya daɗe bai amsa ba, ina ganin alamar yana rubutu yana gogewa. Can ya ce wurin da Gerald ya kira asibiti aka ce ba gawa.